Furen da taki ke kashewa: yadda ake renon protea a lambu

Akwai wani fure mai faɗi kamar faranti, shi ake kira sarkin protea, furen ƙasar Afirka ta Kudu. Faɗinsa kan kai santimita 30. Danginsa sun fi yawa a duwatsun yankin Cape na Afirka ta Kudu da kuma Ostareliya, inda ake samun waɗanda ake kira banksia da grevillea. Rani da damina ganyensu kore shar.

To, ga inda masu lambu ke yin asara: taki.

Ƙasar da waɗannan tsirrai suka fito yashi ce mai tsami, wadda sinadarin fosfaros ya yi mata ƙaranci ƙwarai. Don haka suke fitar da wasu ƙananan saiwoyi a cunkushe dab da saman ƙasa, masu fitar da wani ruwa da ke narkar da ɗan fosfaros ɗin da ya maƙale a ƙasa, su tsotse shi. Matsalar ita ce da yawansu ba su iya tsayawa in sun ƙoshi. Ka zuba musu takin zamani na NPK ko kashin kaji, sai su sha fosfaros ɗin ciki fiye da kima, ganye ya yi ɗorawa, bakinsa ya ƙone, shuka ta bushe kana kallo. Abin tausayi, mai ita gata ya yi niyyar yi mata.

Saboda waɗannan saiwoyin ne ma ba a kai fartanya gindinta. Ciyawa da hannu ake cirewa, sannan a shimfiɗa ɓawon itace ya rufe ƙasar, amma kada ya taɓa kara.

Sai ruwa. Wurin da ruwa ke kwanciya ba wurinta ba ne, domin a nan cutar Phytophthora ke ruɓar da saiwa, kuma in ta kama, da wuya shukar ta tashi. In ƙasarka laka ce, ɗaga kunya ka gauraya da yashi mai tsakuwa, ko ka dasa a tukunya mai huji. Shekara biyun farko a riƙa ba ta ruwa ya ratsa sosai, a bari saman ƙasa ya sha iska kafin a ƙara.

Tana son rana a fili da iska mai kaɗawa, kada ka matse ta jikin katanga. In fure ya gama, yanke reshen ka bar guntu mai lafiyayyen ganye, daga nan sababbin rassa za su tofo su ɗauki furen gaba.