Sabon ɗalibi: daga CAPS zuwa fotal ɗin jami'a

Assalamu alaikum. Idan sunanka ya fito a jami'a bana, barka da arziki, Allah Ya sanya albarka. Amma kafin ka fara cigiyar ɗaki da katifa, zauna mu yi maganar wayar da ke hannunka, don yanzu rabin rajista a cikinta ake yi.

Mu fara da layin da ka yi JAMB da shi. Ka tuna ranar da ka tura NIN ɗinka zuwa 55019 aka turo maka lamba? To wannan sim ɗin ka lallaɓa shi kamar ƙwai, shi da imel ɗin da ka bayar wajen rajista. Shiga shafin JAMB, ka buɗe CAPS, wato sashen da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa, ka karɓi gurbin da aka ba ka, sannan ka fitar da takardar admishan. Kada ka ce ai jami'a ta riga ta liƙa sunana. Gurbin da bai bi ta CAPS ba, JAMB ba ta san da zamansa ba, kuma ba za ka ji zafin abin ba sai ka gama karatu, abokanka na shirin tafiya bautar ƙasa, a nemi sunanka a jerin JAMB a rasa.

Sai fotal ɗin makaranta. Duba adireshin da kyau, na jami'o'in Najeriya yawanci da edu.ng yake ƙarewa: buk.edu.ng na Bayero a Kano, abu.edu.ng na Ahmadu Bello a Zariya. Rubuta shi da hannunka. Duk wanda aka turo a guruf ɗin WhatsApp ana cewa a yi sauri kafin a rufe, rabu da shi.

Nan ne nake so ka buɗe kunne. Da na shigo aji ɗaya, kafe na je, na miƙa wa yaron shagon takarduna, na koma benci ina latsa waya. Da ya zo gurbin imel bai tambaye ni ba, ya zuba nasa, ya sa lambar wayarsa, ya rubuta mini kalmar sirri a bayan risit. Risit ya ɓata. Zango na biyu na danna cewa na manta kalmar sirri, fotal ya ce ya tura saƙo zuwa wani imel da ban taɓa gani ba. Na koma shagon, na tarar an mayar da shi wajen aski. Kwana uku na yi ina bin layi a cibiyar ICT, riƙe da katin shaida da takardar admishan, kafin a gyara mini. Ba laifi ba ne ka je kafe, ba kowa ke da kwamfuta da firinta ba. Amma ka tsaya a kansa, imel naka, lamba taka, kuma kana fita ka canza kalmar sirrin a wayarka.

Yanzu batun kuɗi. Jami'o'in tarayya ta shafin biyan kuɗi na Remita suke karɓa, tun da gwamnati ta tilasta asusun bai ɗaya, wato TSA, a 2015. Daga cikin fotal za ka ciro lambar RRR, mai lambobi 12, wadda ke ɗauke da sunanka da abin da za ka biya. Da ita za ka je banki, ko ka biya ta waya. In ka biya, koma fotal ka tabbatar ya nuna. Idan bai nuna ba, kada ka sake biya, dawo da kuɗi ya fi fitar da su wuya nesa ba kusa ba. Riƙe risit, ka ɗan saurara, in abin ya ƙi ka kai ofishin basa, wato mai kula da kuɗin makaranta. Wanda kuwa ya ce ka tura asusunsa zai biya maka da rangwame, ka san da wa kake magana.

Rajistar kwasa-kwasai ba a yi da ka. Ga lebul kodineta tukuna, wato malamin da ke kula da 'yan ajinku, ya faɗa maka na dole da na zaɓi, sannan ka cike, ka fitar da fom, a sa hannu. Kuma ka yi da wuri. Ranar ƙarshe kowa na kai, fotal sai ya yi ta juyawa kamar dutsen niƙa. Bayan sallar asuba ya fi sauƙi.

In makarantarku na ba da imel na ɗalibai, karɓi naka. Da shi ake neman kayan aikin da GitHub, shafin masu rubuta manhaja, ke bai wa ɗalibai kyauta, kuma wasu malaman nan suke tura sanarwa. Tambayi cibiyar ICT yadda ake hawa Wi-Fi, sannan ka yi rajistar laburare, don tata daban ce. Ɗan ABU a Samaru, Laburaren Kashim Ibrahim za ka nufa. In ka yi aiki da kwamfutar can, fita daga asusunka kafin ka tashi.

Saura suna. A WAEC kai Mohammed ne, a NIN Muhammad, a banki kuma Muhammadu. A gida duk ɗaya ne, kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Mai niyyar neman bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara a 2024, za a nemi lambar JAMB ɗinsa da NIN da BVN, kuma sai makaranta ta ɗora bayanansa. Don haka yau da daddare ka baje takardun nan a kan tabarma, ka bi su harafi bayan harafi, har da ranar haihuwa. In ka ga saɓani, ka fara neman gyara tun a satin farko, kafin lakca ta kankama.