Darasi a kan STOP/Djvu, manhajar da ke garkuwa da fayilolin kwamfuta

Assalamu alaikum, masu sauraronmu na cikin birnin Katsina da kewaye, barkanku da war haka. Darasinmu na yau ya shafi wata muguwar manhaja da ake kira STOP, wasu kuma su ce Djvu, wadda take kulle fayilolin da ke cikin kwamfuta mai Windows, sannan waɗanda suka sako ta su nemi kuɗin fansa. Na zaɓe ta ne saboda talakawa irinmu ta fi kamawa: mai shagon buga takardu, da ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri, da mai ɗaukar hoton biki.

Kwanakin baya wani bawan Allah mai shago ya kawo mini kwamfutarsa, ya ce, "Malam, duba mini, komai ya ƙi buɗuwa." Da na duba sai na ga sunan kowane fayil ya yi wutsiya mai haruffa huɗu, ga kuma wata takardar neman fansa mai suna _readme.txt. Na tambaye shi abin da ya sauke daga intanet a ranar, sai ya ce manhajar gyaran hoto ce da aka fasa domin a yi amfani da ita kyauta, kuma har sai da ya kashe riga-kafin kwamfutar kafin ta yarda ta hau. Ta wannan ƙofa ce STOP ta fi shiga, wato manhajojin da aka fasa da kuma 'yan shirye-shiryen da ake cewa suna kunna Windows ko Office ba tare da biya ba.

Idan ta shiga, takan nuna allo na ƙarya mai kama da sabunta Windows domin mutum ya zauna yana jira, ita kuwa tana can tana aiki. Da farko tana ƙoƙarin tuntuɓar kwamfutar masu ita ta intanet. Idan ta same su, sai su ba ta mabuɗi na musamman wanda ya keɓanta da kwamfutarka kaɗai, kuma su kaɗai ke riƙe da abin da zai warware shi. Idan ba ta same su ba, sai ta yi amfani da wani mabuɗi da ta zo da shi a cikinta, wanda iri ɗaya ne ga duk wanda wannan nau'in ya kama ba tare da intanet ba. Ku riƙe wannan bambanci da kyau, domin a kansa ceton fayilolinku ya rataya. A ƙasan takardar fansar akwai wata doguwar lamba ta shaida. Idan ta ƙare da t1, galibi mabuɗi na biyu ne, kuma akwai fata.

A shekarun baya takardar ta daɗe tana neman dala 980, tare da alkawarin rage rabi, wato dala 490, ga wanda ya tuntuɓe su cikin awa 72. Wa'adin nan dabara ce ta tayar da hankali. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya biya, domin babu abin da zai tilasta wa ɓarawo cika alkawari, kuma kuɗin da aka ba shi su ne jarin kama wani.

To, me za ka yi idan abin ya same ka? Ka cire kwamfutar daga intanet nan take, kada kuma ka soka mata filashi ko wayarka. Kada ka goge fayilolin da aka kulle, kada ka bari a yi maka gaggawar share kwamfutar baki ɗaya, sannan ka sani cire wutsiyar nan daga sunan fayil ba ya buɗe shi. Ka sa wanda ya iya ya fara fitar da manhajar tukuna, sannan ya kwafe kulallun fayilolin zuwa wata ma'ajiya. Akwai shafin ID Ransomware na Michael Gillespie, wani masanin tsaron kwamfuta, da ke gane irin manhajar da ta kama ka, akwai kuma No More Ransom da aka kafa a 2016 da haɗin gwiwar Europol, wato hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da 'yan sandan Holan. A 2019 kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar warware kullin STOP kyauta, sai dai ga nau'o'in da suka fito daga watan Agusta na 2019, tana aiki ne kawai idan mabuɗi na biyu aka yi amfani da shi, kuma an riga an samo shi. Shi ya sa nake cewa a adana fayilolin ko da ba su buɗu yau ba.

Wani abin da mutane ke mantawa shi ne STOP takan zo da 'yar rakiya mai satar kalmomin sirri da aka adana a burauza. Saboda haka ka ɗauki wata na'ura mai tsabta ka canza na imel, da na Facebook, da na banki.

Mutumin nan da na ba ku labari, mabuɗi na farko ya kama shi. Abin da muka iya cetowa shi ne takardun da ya taɓa tura wa abokan cinikinsa ta WhatsApp da imel. Filashin da yake ajiyar kwafi a ciki yana jikin kwamfutar a lokacin, shi ma an kulle shi. Yanzu ya sayi ma'ajiyar waje, yana kwafe aikinsa kowace Alhamis kafin ya rufe shago, yana gamawa ya zare ta ya tafi da ita gida.