Me ya sa albumin ke sauka idan ciwo ya daɗe?

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Gadarif, Maiwurno da kewaye a ƙasar Sudan.

Idan aka ɗebi jini aka juya shi a na'ura, ƙwayoyin jinin sai su kwanta, wani ruwa rawaya-rawaya ya taso sama. Shi ake kira filasma. Furotin iri-iri ne a cikinsa, amma fiye da rabi albumin ne. Hanta ke yin sa, giram 10 zuwa 15 kullum, kuma mai lafiya yana da giram 35 zuwa 50 a kowace lita. Albumin ɗin ne ke riƙe ruwa cikin jijiyoyin jini. Ya yi ƙasa sosai, ruwa ya tsiyaye, ƙafa ta kumbura, ciki ya tara ruwa.

To, da cuta ta shigo, garkuwar jiki kan aika wa hanta saƙo da wani sinadari, IL-6. Nan take hanta ta sauya aiki, kamar maƙerin da ya ajiye fartanya ya koma ƙera mashi. Ta rage albumin, ta ƙara furotin na yaƙi irin su CRP. Shi CRP cikin awa 6 zuwa 8 ya fara hawa, wajen kwana 2 ya kai ƙololuwa. Wani albumin ɗin kuma yana zurarewa ta bangon ƙananan jijiyoyi.

Mutanen Gadarif sun san kala-azar, cutar da wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo ke yaɗawa a wuraren baƙar ƙasa mai tsagewa, inda itatuwan aduwa da talha suka yi yawa. Zazzaɓi na makonni, saifa ta girma, mutum ya rame. A gwada jininsa, albumin ya faɗi, gulobulin kuwa, wato makaman garkuwar jiki, ya yi sama har ya zarce shi.

Abin da ke damuna shi ne, da an ga kumburi sai a ce yunwa ce, a yi ta ɗura wa majinyaci nama da madara, a bar asibiti. Abinci na taimakawa ƙwarai, amma muddin cutar na nan, hanta ba za ta koma aikinta ba. Wani ma ƙodarsa ce ke zubar da furotin, fitsarinsa ya riƙa kumfa. Wani hantar ce ta lalace. Kumburin iri ɗaya ne a ido, gwajin jini da na fitsari ne ke rarrabewa. Zazzaɓin da ya wuce mako 2, don Allah a kai mutum a gwada shi.