Ban Ruwan Tumatir da Attaruhu a Bokiti

Assalamu alaikum. Abubuwa uku zan faɗa kan ban ruwan tumatir da attaruhun da kuke shukawa a bokiti ko buhu a tsakar gida. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Na farko, yawan ruwa yana kashe shuka. Saiwa tana numfashi, jama'a, tana numfashi! Idan ƙasar bokiti ta zauna jiƙe sharkaf kullum, iska ba ta shiga, sai saiwar ta ruɓe, ta yi baƙi-baƙi, har wari take yi. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, shukar ta langaɓe. Mai ita ta gani ta ce ƙishirwa ce, ta ƙara kwarara mata ruwa. An gama da ita ke nan. Don haka kafin ki zuba, tsoma yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji damshi, bar ta sai gobe. In ta bushe, zuba a hankali a gindi, kada ki jiƙa ganye, har ki ga ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan bokitin. Kuma dole a huda bokitin, huji huɗu ko biyar da ƙusa mai zafi. Hajiya tana dariya, na san ana tausayin bokiti, amma a huda shi. Na sake faɗa, yatsa kafin ruwa.

Na biyu, lokaci. Da sassafe ya fi. A zafin Afrilu babban tumatir a bokiti mai lita 20 yana iya shan lita 2 zuwa 3 a rana, wani lokaci sai an ƙara da yamma. Da hunturu kuma iska tana busar da saman ƙasa alhali ciki da damshi. A baza buntun shinkafa a kai. Na uku. Kada a bar bokitin ya bushe ƙayau sannan a cika shi da ruwa, 'ya'yan sai su tsage ko gindinsu ya yi baƙi.

Na'am, Baba? Ruwan wanki? A'a, Baba, kada a zuba. Garin sabulu yana da gishiri, kuma a bokiti taruwa yake yi ya ƙone bakin ganye. Ruwan wankin shinkafa ko na kayan miya, wannan a zuba. In kuma an ga farin gishiri a saman ƙasa, a kwarara ruwa mai kyau da yawa ya wanke shi ya fita ta hujin.