"Kakanka daga ina ya zo?" Laccar da aka yi bayan Magariba a Gadarif, ƙasar Sudan

Assalamu alaikum. Abu uku na zo da su: takardar jinsiyya (wato shaidar zama ɗan ƙasa), maganar ƙasa da gona, sai halin 'yan'uwanmu naƙasassu. Iyayenmu mata da ke baya, kuna ji na? Madalla. Mai shayi, a tara mana kumfa, mun daɗe a nan.

Na farko, jinsiyya. Shekarar da na kai ɗana wani ofishi neman raƙam watani, wato lambar ɗan ƙasa, ma'aikacin yana ta rubutu, da ya zo wurin ƙabila na ce Hausa, sai ya ajiye biro. Ajiye biron nan har yau ina ganinsa. Ya ce a kawo shaida daga dangin uba, a kawo takardar umda, wato dagaci, a kawo ta kaka in akwai. Wanda ke bayanmu a layi ko zama bai yi ba aka sallame shi. Muna tafe gida yaron ya riƙe min hannu ya ce, "Baba, mu baƙi ne?" Yaron da aka binne cibiyarsa a Gadarif, aka binne tawa a Gadarif!

Ku bari in koma baya kaɗan, don matasa ba su san wannan ba. A 1903 Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya yiwo gabas da jama'a, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar. Tun kafin su ma alhazai na ratsa ƙasar nan a ƙafa zuwa Sawakin, tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya, ana noma damina ɗaya a nan, biyu a can, wani ya isa Makka, wani ya yi aure ya zauna. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun wa ya tsinci audugar? Je ka kanabi, wato zangon leburorin gona, yau ka ga jikokinsu a bukkoki gefen magudanar ruwa, ba hawasha, wato yankin gona, ko ɗaya da sunansu.

To, dokar jinsiyya ta 1957 cewa ta yi sai zuriyarka tana nan tun 31 ga Disamba 1897. Ku lissafa da ni: 1897, 1903. Shekara shida! Shekara shida ta bar mutanen Burmi a bakin ƙofa. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, wadda ta shigar da kusan kowa a cikinmu. Takarda ta sauya, amma biron nan ana ajiye shi har gobe. A ce maka Fallata, a ce maka Takari, da muryar da ka san ba sunanka ake kira ba.

Na biyu... ko na uku ne? Ƙasa. Ba sai na tsawaita ba, wasu a nan sun yi rashi. Yulin 2022 a Rusairis da Damazin, sannan Oktoba a Wad al-Mahi. Jama'armu sun nemi sarautar gargajiya, aka ce baƙo ba ya da ƙasa, jini ya zuba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu daga kowane ɓangare. Na'am, Baba? A miƙa masa lasifika.

(Wani dattijo makaho ya ce: "Allah gafarta Malam, ka ƙare mana lokaci a kan ofis. Ni ba ofis ne ya hana ni karatu ba. A gidanmu aka tura ƙannena makaranta, ni aka ba ni ƙoƙo da ɗan jagora.")

Baba, ka faɗi gaskiya, ka kuma riga ni. Muna kukan an ware mu, alhali a gidajenmu akwai yarinya kurma da ake shigarwa ɗaki in baƙi sun zo, akwai gurgun da aka hana mata don ƙafarsa. Mun naɗa Sarkin Makafi, mun bar masa ƙofar masallaci da bara, muna ganin mun gama da shi. Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2009, ta yi doka a 2017, an kuma buɗe makarantar makafi ta Nur a Khartoum Bahri tun da daɗewa. Yaranmu nawa muka kai? Yanzu kuma yaƙin da ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023 yana ƙaro mana masu dungu, kun gan su cikin waɗanda suka gudo garin nan.

Kun san dalilin saukar surar Abasa: saboda makaho ne, Abdullahi ɗan Ummi Maktum. Daga baya shi ne ladan tare da Bilalu, shi ake bar wa Madina in Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya fita. Mu kuwa matakala uku ce a ƙofar masallacin nan, ɗazu na ga samari biyu sun ɗago mai keke kamar buhun riɗi. Magina na nan? Ku ɗaga hannu. Alhaji, buhun siminti biyu a wuyanka, a yi gangara kafin Juma'a. Lokaci ya yi. Baba, taso, kai za ka kira mana Lisha.