G500 mai cikakken fayil a wani gareji a Ikoyi

Assalamu alaikum jama'a, ɗan'uwanku ne daga Legas. Ana idar da sallar asuba na baro Agege don kada gosulon gadar Third Mainland ya ritsa da ni, ga ni yanzu a Ikoyi, gidan wani Alhaji mutumin Kano da ya daɗe yana kasuwanci a nan Ikko. Sharaɗinsa biyu: ban da fuskarsa, ban da lambar mota. Shi ya sa kuka ga tsumma a kan lambar motar.

To ga ta. Marsandi ce G500, wadda samari ke ce wa G-Wagon, ƙirar farkon shekarun 2000. Kafin in cika ku da surutu, ku saurari ƙofar nan. Ƙwas! Bari in sake. Kun ji ko? Kamar an datse kwaɗon shagon ɗan gwal a Sabon Gari.

Mutane da yawa sun ɗauka a Jamus ake haɗa ta. A'a, a garin Graz na ƙasar Ostiriya ne, tun 1979 har gobe. Da farko motar aiki ce, ta soja da masu shiga daji, cikinta fayau babu ado. Amma tun tana yarinya ta shiga hannun manya: a 1980 an yi wa Fafaroma John Paul na biyu irinta, a 1983 kuma direban tsere Jacky Ickx ya ci tseren Paris zuwa Dakar da irinta. Sai a 1990 aka fito da samfurin W463, aka sa mata kujerun fata da katako mai sheƙi, a 1998 aka ɗora mata injin V8 mai lita 5. Shi ne wannan da kuke gani a ƙarƙashin bonet. Silinda 8, kowacce fulogi biyu, wato fulogi 16. Ranar canji sai aljihu ya ji a jikinsa.

Amma ba inji ne ya taso ni da duku-duku ba, takarda ce. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar motoci ta Berger neman mota ya san waƙar dillalai. Wannan ta tsohon gwamna ce, waccan wata tsohuwa ce a Amurka take zuwa cefane da ita sau ɗaya a mako. Ka ce a nuna maka shaida, sai a fara sosa ƙeya. Ni kaina an taɓa yi min wannan romon baka na sayi wata jif, ashe ruwa ta sha a can kafin a loda ta a jirgi. Wata uku wayoyinta suka fara hauka. Allah Ya isa dai na yi.

Nan kuwa ina zama Alhaji ya sa aka ɗauko fayil. Wanda ya fara sayenta jakadan wata ƙasar Turai ne, ga sunansa a rasit, ba zan nuna ba. Ga littafin sabis, kowane shafi da hatimi da kwanan wata da adadin kilomita, suna hawa bi da bi, babu inda lissafin ya koma baya. Ga kuma takardar da ta fi burge ni. Motar jakada ba a biya mata kuɗin kwastam idan ta shigo, sai ranar da za ta koma hannun ɗan ƙasa. To ga shaidar biyan nan. Na ɗauki lambar shasi ta takarda na durƙusa na gwada da wadda ke jikin ƙarfen, harafi da harafi, daidai.

Sannan ga Baba, direbanta. Shi ma tare da motar aka gaje shi, don tun zamanin jakadan shi ke jan ta.

Na ce, "Baba, mene ne sirrin? Ko ɗigon tsatsa ban gani ba."

Ya ce, "Ɗana, iskar teku gishiri ce. Duk ranar da muka keta ruwan Lekki da damina, ba na kwanciya sai na wanke ƙarƙashinta."

Ya nuna min inda irinsu ke fara ruɓewa: gefen gilashin gaba, ƙasan ƙofofi, da ƙofar baya mai ɗauke da safaya. Duk fentin asali ne. Ku dubi maɓallan nan uku a tsakiyar dashbod. Su ke kulle tayoyi su riƙa juyawa tare idan an shiga taɓo ko yashi, a fara da na tsakiya, sai na baya, sannan na gaba. Baba ya ce lokaci-lokaci yakan kai ta kan rairayi ya danna su, don idan aka bar su ba amfani sai su maƙale. Mafi yawan masu G-Wagon a Legas ba su taɓa taɓa su ba.

Kada in yi muku daɗin baki, tana da nata halin. Tankinta lita 96 ne, kuma shan mai take yi kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas. A kan gargada tana jijjiga mutum, cikinta ma bai kai faɗin da ake zato ba. Sabuwar da ta fito a 2018 ta fi ta laushi nesa ba kusa ba. Duk da haka da za a ajiye min su biyun, wannan zan nuna.

Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, in an zo da kuɗi fa?" Dariya kawai ya yi ya mayar da fayil ɗinsa cikin jaka. Na roƙi in ɗan ja ta zuwa bakin get, Baba ya sa makulli a aljihu ya ce in zagaya ɗaya gefen. To bari in shiga, zai kai ni Obalende in hau motar Agege, ku ji kukan injin a kan titi.