Bin taya a tseren keke: fakewa daga iska da haƙƙin da ke kan kowa a cikin ayari

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Wanda ya taɓa ganin masu keken tsere sun fito da sassafe a bayan gari zai lura ba sa tafiya a warwatse. Jere suke yi, tayar wannan a gindin tayar wancan, wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu ɗaya ba. Mai kallo daga bakin titi sai ya ce ganganci ne. To akwai dalili, kuma dalilin iska ce.

A shimfiɗaɗɗen titi, idan gudunka ya kai kilomita 35 zuwa 40 a awa, kashi 80 cikin 100 na ƙarfin da kake zubawa a feda, ko ma fiye, wajen ture iska yake tafiya. Nauyin keke da gogar taya a kwalta kaɗan suke ci. Kuma iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu: in ka ninka gudunka sau biyu, turin da take yi maka ya ninka sau huɗu, ƙarfin da za ka kashe kanta kuwa ya ninka sau takwas. Mu a Kano wannan lissafin ya fi shafarmu, domin garinmu a shimfiɗe yake. In ka cire gadojin sama, da wuya ka sami hawan da zai tace mutane. Iska ce ke tacewa.

Ga yadda abin yake. Na gaba yana keta iska, sai a bayansa a sami wani ɗan fili inda turinta ya yi sauƙi. Wanda ya shiga wannan filin yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar da na gaban ke sha, alhali gudunsu ɗaya. A cikin babban ayari kuwa abin ya wuce haka nesa. A 2018, Farfesa Bert Blocken na jami'ar fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan ya yi gwaji da ayarin masu keke 121, da kwamfuta da kuma mutum-mutumi a ɗakin gwajin iska. Ya gano cewa wanda ke can tsakiya zuwa bayan ayarin, turin iskar da ke samunsa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kacal na abin da mai tafiya shi kaɗai ke sha. Shi ya sa Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga (kyautar wanda ya fi tara maki) a gasar Tour de France ta 2024, ba ka ganinsa a gaba tsawon yini. Abokan tawagarsa ke sha masa iska, shi kuma ya fito a ƴan mitocin ƙarshe da sauran ƙarfinsa.

Sai dai wannan sauƙin yana da farashi, kuma a nan nake so mu daɗe.

Mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a kowace daƙiƙa. Idan rabin mita ne tsakaninka da tayar na gabanka, kafin ka ƙifta ido ka cinye wannan tazarar. Babu ɗan'adam da hannunsa zai kai birki a wannan lokacin. Ashe ke nan ba saurin hannunka ke tsare ka ba, natsuwar na gabanka ce. Kai ma haka kake ga wanda ke bayanka. Ya miƙa maka fatarsa da haƙoransa da ƙashin wuyansa amana, ko da bai san sunanka ba.

Saboda haka abu na farko: kada tayarka ta gaba ta shige gefen tayar bayan na gabanka. Ka tsaya a bayanta, ko ka ɗan karkace kaɗan don ka ga hanya, amma kada su haɗa kafaɗa. In sun haɗa, na gaba ya ɗan kauce wa tsakuwa, tayarsa ta share taka. Shi da ƙyar zai ji an taɓa shi, domin tayar baya a kafe take kuma nauyinsa na kanta. Kai kuwa tayar da kake saita kanka da ita aka doke, sai ƙasa. Duk waɗanda ke bayanka kuma a kanka za su zube. Sau da yawa faɗuwar da ake yi a tseren masu koyo daga nan take tasowa, kuma yawanci gajiya ce ke kawo ta: mutum ya sunkuyar da kai, ya zuba wa taya ido, bai san lokacin da ya shige ba. Kada ka kalli taya. Ka kalli kafaɗar na gabanka da abin da ke gabansa, mutum uku ko huɗu, tayar kuma gefen idonka ya ishe ta.

Sai birki. A cikin ayari ba a cafkar birki. In ka ga kana cim ma na gaba, ka ɗan sassauta feda, ko ka ɗago ƙirjinka iska ta riƙe ka, ko ka ɗan leƙa gefe ka sha iska ka koma. In dole ne, ka shafa birkin da yatsa, shafa kawai. Ƙaramin birkin da na uku ya taka, kafin ya kai ga na goma sha biyar ya zama tsayawa cak.

Akwai wani abu da ko waɗanda suka daɗe suna hawa ba su cika lura da shi ba. Lokacin da ka miƙe daga kan sirdi don ka taka a tsaye, misali a hawan gadar sama, kekenka yana ɗan ja baya a ƙarƙashinka. Kai ba za ka ji ba, na bayanka ne zai ga taya ta taho masa. Maganinsa ka ƙara giya, ka miƙe daidai lokacin da kake danna feda da ƙarfi, yadda keken ba zai yi sanyi ba.

Hausawa na cewa na gaba idon na baya. Wanda ke fake a bayanka bai ga komai sai bayan rigarka. Titunanmu kuwa kun san su: rami, yashin da ruwa ya tara a gefen kwalta, tudun rage gudu, akuya, ɗan adaidaita sahu da zai tsaya ɗaukar fasinja ba sigina. In ka hango, ka nuna da yatsa ta ɓangaren da abin yake, ka ɗaga murya: "Rami dama!" "Yashi!" "A hankali!" Ka fara kaucewa tun daga nesa, sannu a hankali, ba sai ka zo bakin ramin ka fizge kai ba. Na tsakiya su miƙa saƙon baya. Na ƙarshe kuma shi ke da alhakin abin da ke tahowa: "Mota a baya!" Wanda ya ga rami ya kauce shi kaɗai ya yi shiru, wallahi ya ɗauki haƙƙi, ko da bai waiwaya ya ga abin da ya faru ba.

Yanzu mu zo kan karɓa-karɓa. Aikin gaba kamar adashi yake, kowa ya zuba kafin ya kwasa. In layi ya zo kanka, kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne ya ƙara wuta, yana so a san shi ma yana da ƙafa. Sai ayari ya tsinke, wanda ya sauka daga gaba a gajiye ya kasa kama wutsiya. Ka riƙe gudun da ka tarar. Ka ja gwargwadon ƙarfinka, ko daƙiƙa 20 ce, sannan ka waiga, ka kaɗa gwiwar hannu alamar na baya ya karɓa, ka zame gefe kana ci gaba da taka feda, ka gangara baya a hankali. Kada ka jira sai ka ƙare tas, domin kana buƙatar ragowar ƙarfin da za ka kama tayar ƙarshe. In ta kuɓuce maka da mita 10, iska ta same ka kai kaɗai, su kuma suna raba ta. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Ta wane gefe ake zamewa? Ta gefen da iska ke bugowa, don ka kare ƴan'uwanka kana komawa. Wannan ya kawo mu kan hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskarmu daga arewa maso gabas take tahowa. Wanda ya miƙi titin Haɗeja zai sha ta a fuska, a dawowa kuma ta turo shi. Wannan mai sauƙi ne, layi ɗaya miƙaƙƙe ya wadatar. Titin Katsina da titin Wudil ne ke da magana, domin a kansu ta gefe take zuwa. Mai fita ta titin Katsina tana bugunsa ta dama, mai nufar Wudil ta hagu. A irin wannan yanayi mafakar ba a bayan mutum take ba, ta koma gefensa, sai layin ya karkace. Na gaba ya matsa ɓangaren iska, sauran su jeru a karkace a ɗaya ɓangaren. Faɗin titi kuma yana da iyaka. In ya cika, waɗanda suka rage ba su da mafaka, sai su zama jela a gefen kwalta suna shan iska har su zube ɗaya bayan ɗaya. Dabara ita ce kada ku tsaya kuna roƙon gurbi, ku kafa naku layin na biyu nan take.

Amma ina roƙonku, wannan karkataccen layin na titin da aka rufe don gasa ne. A titin da motoci ke bi, musamman hanyar Katsina inda layin zai fanɗara wajen tsakiyar titi, kada ku wuce mutum biyu a jere. In ƙurar hunturu ta yi kauri, direba ba ya hango ku sai ya zo kusa.

To wanda ya fake tun daga farko har ƙarshe, bai ja ko sau ɗaya ba, sannan ya fito a mita 200 na ƙarshe ya cinye fa? Wannan gardama ce da ba ta ƙarewa tsakanin masu keke. A doka bai yi laifi ba, tseren titi haka aka gina shi. Akwai ma inda kowa ya yarda da uzurinsa: idan abokin tawagarsa ya ɓalle yana gaba, ba wanda zai ce ya taimaka a kamo nasa. Haka wanda ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗa da bakinsa, "Ku yi haƙuri, ba ni da ƙafa yau", ya zauna a wutsiya ya riƙa buɗe wa masu sauka gurbi a gabansa. Abin da ni ban yarda da shi ba shi ne mutum ya yi kukan gajiya, a ɗauke masa aiki, sannan a bakin layi ƙafa ta dawo masa. Zai iya ɗaukar kofi ranar. Amma masu tsere a gari ɗaya ba su da yawa, fuskokin nan dai za a sake haɗuwa da su, kuma ranar da ya ɓalle yana neman wanda za su raba iska, kowa zai tuna.

A wajen motsa jiki kuwa ba gasa ake ba, ladabi ne kawai. Ka cim ma wani a hanya, kada ka manne masa shiru kamar inuwa. Ka yi sallama: "Sannu malam, in bi bayanka?" In bai san kana nan ba, zai iya taka birki ko ya tofar da yawu. In dattijo ne a harkar, ka ce, "Yallaɓai, sabo ne ni, a ina zan tsaya?" Zai ce maka baya, ka kuma bar tazarar tsawon taya ɗaya ko biyu har hannunka ya faɗa. Ka karɓa, gaskiya ya faɗa maka.

Fakewa a bayan tirela ko tifa ko bas, wannan kada a soma. A gasa dokar hukumar keke ta duniya, UCI, ta hana fakewa da mota. A titi kuma birkin mota ya fi naka nesa, ramin da ta haye ta tsakiyar tayoyinta kai a cikinsa za ka faɗa. Hular kwano dole ce. Ƙarfen nan da ake ɗorawa a kan keke a kwantar da hannu a kansa, na tseren mutum ɗaya da agogo ne, an hana shi a tseren ayari, domin yana nesanta hannu da birki.

Kwana da shataletale suna da nasu hali. Na gaba suna wucewa kusan ba birki, na baya suna cunkushewa su rage gudu, sannan su tashi da ƙarfi don su kamo. A tseren zagaye mai kwana da yawa, wannan tashin kaɗai ya isa ya ƙarar da mutum. Shi ya sa wuri mafi daɗi shi ne kashi ɗaya cikin uku na gaban ayari, inda kake da mafaka kuma faɗuwa ta fi yawa a bayanka. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba. Ka bi layin da ka ɗauko, kada ka yanko ta ciki ka datse wanda ke gefenka. In kafaɗa ta gogi kafaɗa, kada ka firgita ka fizge, ka saki gwiwar hannunka ta yi laushi, ka ci gaba da taka feda.

A gudun ƙarshe doka ɗaya ce, kuma alƙalai na hukunci a kanta har a manyan gasa: layin da ka fara a kai, shi za ka miƙe har ka tsallake. Ba a karkacewa don a toshe wanda ke tahowa. Hannu biyu a kan keke, kai a ɗage. In ka ga ba ka cikin masu ci, kada ka saki feda kwatsam a tsakiyar titi, akwai masu tahowa a bayanka da gudun kilomita 50. Bayan ka tsallake layi ma ka ci gaba da gangarawa miƙe har mita 100 ko fiye, ka waiga, sannan ka fita gefe.